Sai Bappa Ya Ce A Kashe

An ɗauke wuta da hantsi, ana tsakiyar jarrabawar ƙarshe ta 'yan ajin fita, kuma babu wanda ya ɗaga kai a zauren. Fankoki suka yi ta lilo har suka tsaya. Ɗalibai suka ci gaba da danna amsa, tunda kowace laftof da batirinta, kuma a Yelwa ɗauke wuta ba labari ba ne. Mutum ɗaya ce a duk kwalejin kiwon lafiyar ta san abin da hakan ke nufi: Zakiyya, mai kula da kwamfutocin makarantar, wadda kowa ke kira Injiniya.

Ta bar ƙofar zauren ta nufi ɗan ɗakin da ke bayan ofishin shugaba. Tun daga baranda take jiyo kukan akwatin batir, siririn kuka mai tsayawa ya sake. Ta saurari ƙarar janareta duk da ta san ba za ta ji ba. Janaretan yana kwance a buɗe tun makon jiya, makaniki ya tafi da wani ƙarfe Kano bai dawo ba. An yi zancen a taron malamai, wani ya ce ai layinmu ba a ɗauke shi da safe, kowa ya ce haka ne, aka wuce zuwa maganar shayin baƙi. Haka muke. Mu jingina makomar yara da ɗabi'ar wayar lantarki, sannan mu kira abin tawakkali.

A ɗakin akwai injina uku a jere cikin doguwar durowar ƙarfe, su ake kira saba. Kowanne kamar gidan haya yake: gini ɗaya, amma an yayyanka shi ɗaki-ɗaki, a kowane ɗaki da kwamfuta mai zaman kanta wadda ido ba ya gani. Wata tana riƙe da shafin da ɗalibai ke shiga, wata kuma ita ce rumbu, inda kowace amsa ke sauka. Injinan sun san da zaman juna. Idan ɗaya ya faɗi, sauran su kwashe 'yan hayarsa su ba su masauki.

Saboda haka kashe su ba danna maɓalli ɗaya ba ne. Sai ka fara sanar da injinan cewa da gangan ne, kada wani ya tashi kwasar kayan wani. Ka rufe ƙofar ɗalibai, ka jira amsar ƙarshe ta sauka, ka bar rumbu ya rufe kansa a tsanake, sannan injinan su kwanta ɗaya bayan ɗaya. In an yi haka, jarrabawa ta tsaya ne kawai; ana kawo wuta kowa ya ɗora daga inda ya tsaya. In kuwa batir ya mutu rumbu yana buɗe, abin da ke ciki yana iya dagulewa yadda ba mai iya karantawa. Tambayoyin nan daga hukumar waje ake aiko su, sau ɗaya a shekara, kuma waɗanda aka gani ba a sake amfani da su. Amsar da ta ɓace yau, sai baɗi.

Zakiyya ta san wannan fiye da kowa. Ta kuma san fuskokin da ke zauren. Da safe ita ta ɗauke wa Paulina laftof ta mayar da ita tebur na bakin ƙofa, don cikinta ya yi girman da ba ya shiga ƙarƙashin benci. Paulina 'yar Bogoro ce, tana da Hausa irin ta mutanen can, wadda ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Malama, ka gyara min shi da kyau," ta ce tana dariya, hannunta a kan cikin. "Wannan ya yi alkawari zai jira in gama. Asibitin garinmu ma sun ce za su riƙe min wuri, amma sai sakamakon bana. In ya wuce bana, sun ce akwai wata da ke jira."

Fitilar akwatin batir tana kore tukuna. Lokaci yana nan, har da saura. Zakiyya ta zauna, ta buɗe allon umarni, ta ɗora yatsunta. Ba ta danna komai ba.

A da ba sai ta zauna ba. Da ta dawo daga karatu, aikin farko da ta yi ke nan: ta haɗa akwatin batir da injinan, ta koya musu cewa in batir ya yi ƙasa su bi matakan nan da kansu, ko tana nan ko ba ta nan. Abin ya yi aiki, kuma aikin da ya yi ne ya jawo masa. Wata rana da damina baƙi suka zo duba makarantar. Alhaji Bakari, mai makarantar kuma shugabanta, yana tsaye gaban babban allo yana nuna musu yadda komai ya koma na zamani, sai aka ɗauke wuta. Ya ce kada su damu, akwai batir. Bai jima da faɗa ba allon ya yi sallama ya yi baƙi, alhali fitilun ofishin na ci. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe akwai wanda ya fi ka iko a gidan nan."

Alhaji Bakari ƙanen mahaifinta ne. A gidansa na Ƙofar Ran ta girma tun rasuwar babanta, Bappa take ce masa, kuma ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Da baƙi suka tafi ya aika a kira ta.

"Injiniya, a makarantar nan wa ke cewa a tashi?"

"Kai ne, Bappa."

"To wa ya tashi taro ɗazu?"

"Bappa, ai batirin ne ya yi ƙasa, shi ne injin ya..."

"Injin." Ya gyara hularsa. Ba ya ɗaga murya, bai taɓa buƙata ba. "Daga yau, ko injin ko mai injin, babu wanda zai kashe min abu sai na ce. Balle da baƙo a gida. Kin ji ni, ɗiyata?"

"Na ji, Bappa."

A yammacin ranar ta cire umarnin da hannunta. Ta gaya wa kanta cewa in ya huce za ta sake tayar da maganar. Ya huce tun washegari. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe shi da maganar a bakinta, kullum ta tashi da ita. Damina ta wuce, maganar ba ta fito ba.

Yau kuma da baƙo a gida: jami'in hukumar jarrabawa yana zaune a gaban zauren da jaridarsa. Bappa kuwa ya fita tun safe, amininsa ya rasu a unguwar Ɗan Iya.

Ta kira wayarsa. A kashe. Ta kira Ɗanlarai direbansa, ya ɗauka da murya ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, muna maƙabarta fa."

"Ɗanlarai, ka miƙa wa Bappa waya, magana ɗaya ce."

"Alhaji yana cikin ramin, shi ke karɓar gawar. In miƙa masa waya a cikin kabari?"

Kunya ta rufe ta kamar ita ce a bakin kabarin, maza na kallonta. Wuri ne da ko tana da fiffike ba za ta je ba.

"To da ya fito ka raɗa masa. Ka ce batir."

"Bari a gama zuba ƙasa."

Fitila ta koma rawaya. Aka turo ƙofa, Malam Joel ya leƙo, shi ne babban mai sa ido na ranar, dogo mai yawan barkwanci.

"Injiniya, wannan tsuntsun naki har zaure muna jin kukansa. Ki ba shi tsaba mana."

"Malam Joel, batir na ƙarewa. Dole a dakatar da jarrabawa a kashe injinan."

"To ki dakatar."

"Bappa ya ce sai ya ce."

"Au. To kada ki dakatar."

"Kai ne babba a zauren yau. Ka ce min in kashe, sai in kashe."

Joel ya shigo ya jawo ƙofar. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Ke da kike cin tuwo a gidansa kin kasa, sai ni? Zakiyya, in ke kika yi, faɗa za a yi miki a tsakar gida, a gama a zuba miki miya. In ni na yi, a gaban baƙo, takardar sallama za a ba ni. Kin san haka."

Ta sani. A duk makarantar babu wanda kashe injinan zai yi wa arha kamar ita. Ba aikinta za ta rasa ba, ba ɗakinta ba. Abin da za ta rasa kawai shi ne Bappa ya kalle ta ya ce, ashe kin girma. Wannan kallon take aunawa da shekarar mutum fiye da ɗari, kuma tana ganin ma'aunin da idonta, tana jin kunyarsa, amma hannunta bai motsa ba.

"Saura yaya su gama?" ta tambaya.

"Da ɗan saura. Masu sauri sun kusa."

"Ƙila a kawo wutar."

"Ƙila," in ji Joel, ya fita da sauri, kamar wanda aka sallama.

Ta rubuta umarnin farko, ta dube shi, ta goge. Ta fita baranda ta leƙa shagon da ke tsallaken titi, inda mai shagon ke barin ƙwan fitilarsa a kunne dare da rana. A mace yake. Keke mai ƙafa uku ya wuce da ɗalibai sun cika shi suna waƙa. Mace mai digiri a ilimin kwamfuta, tsaye tana gadin ƙwan fitilar mai shago. Da wani ta gani yana haka, da ta yi masa wa'azi. Ita ce a taron malamai ke cewa a daina jiran sai abu ya lalace, har ake mata laƙabi da 'yar sauri. Ta koma ciki.

Fitila ta koma ja. Kukan akwatin ya daina tsayawa, ya zama ɗaya dogo. Ta sake kiran Ɗanlarai.

"Ana addu'a, Injiniya. Yanzun nan."

A nan dabara ta zo mata, irin dabarar da tsoro ke kawowa ya sa mata rigar hankali. Ba za ta kashe duka ba, wannan saɓa wa Bappa ne. Za ta kashe inji ɗaya kawai, na uku, wanda ke ɗauke da kayan laburare da wasiƙun ofis. Nauyi ya ragu, batir ya ƙara numfashi, Bappa ya fito ya ce a kashe, sai ta kashe sauran da izini. Ba wanda zai gani, ba wanda zai ce ta yi gaban kanta. Kuma da yake a ranta ba kashewa take yi ba, ragewa ce kawai, ba ta bi matakin farko ba. Ba ta sanar da injinan cewa da gangan ne ba.

Ta danna. Na uku ya fara kwanciya. Sauran biyun suka yi abin da aka gina su su yi: suka ɗauka ɗan'uwansu ne ya faɗi, suka tashi kwasar 'yan hayarsa gaba ɗaya. Fankokinsu suka ɗauki ƙara kamar jirgi zai tashi. Ta gane tun kafin ƙarar ta kai ƙarshe: nauyin da ta so ragewa ne ya ƙaru a kan batir. Ta kai hannu tana rubuta umarnin rufe rumbu, ta yi kuskuren harafi, ta goge, ta sake.

Batir ya mutu, ɗakin ya yi tsit.

Ba ta taɓa jin shirun ɗakin nan ba. Daga zaure wata hayaniya ta taso a hankali, kujeru na gogar ƙasa, wani yana cewa Malam, nawa ya tsaya, wata tana cewa ni ma. Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Bappa.

"Injiniya, Ɗanlarai ya ce kina ta nemana. Wai batir?"

"E, Bappa."

"To kashe mana. Me kike jira? Irin wannan ai ba sai kin tambaye ni ba."

Ta buɗe baki. A bayansa tana jin muryoyin maza suna yi wa juna gaisuwar rashi.

"To, Bappa," ta ce.

An kawo wuta bayan azahar. Ƙwan mai shago ya kama, fankoki suka juya, ɗaliban da ke zaune ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya suka yi tafi. Zakiyya ta tayar da injinan ɗaya bayan ɗaya, a tsarin da ya dace, yanzu da tsari ba shi da sauran amfani. Shafin ɗalibai ya tashi. Laburare ya tashi, wasiƙun ofis suka tashi lafiya lau, ko ɗaya bai ɓace ba. Rumbu ya ƙi. Ta bi ta nan, ta bi ta can, ta kira wani abokin karatunta a Jos ya yi ta karanto mata abin da ta riga ta gwada. Kwafin da ake ɗauka kowane dare yana nan, da sunan kowa da lambarsa, kuma gaban kowane suna fili. Ta yi sallar la'asar a kusurwar ɗakin, ta idar ba ta san surar da ta karanta ba.

Bappa ya shigo da ƙurar maƙabarta a bakin wandonsa, idonsa ja. Ya tsufa a yini ɗaya. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ya amsa, sannan ya dubi durowar ƙarfen.

"Babu?"

"Babu, Bappa."

Ta jira ya tambaye ta yaya aka yi. Ta shirya za ta faɗa, duka, har da maganar damina. Da ya tambaya da ta samu sauƙi.

"Allah ya ƙaddara," ya ce. "Wuta ce. Kada ki sa a ranki, ɗiyata, kin yi iyakar yinki. Tashi ki wanke fuskarki."

Jami'in hukuma ya rubuta cewa matsalar lantarki ce, ya ce ba yau ya fara gani ba. Malamai suka riƙa leƙowa ɗaya-ɗaya suna yi mata sannu. Wata ta kawo mata kunun aya mai sanyi. Joel ya tsaya a baranda, da suka haɗa ido ya sunkuyar da kai, ita ma ta sunkuyar. Kafin rana ta yi sanyi an gama wanke kowa. Makaniki ba shi da laifi, taron malamai ba shi da laifi, wanda ya ba da umarni da wadda ta bi duk ba su da laifi. Abin da ya fi ciwo a garin nan ba muguntarmu ba ce, saurin yafe wa juna ne a kan asarar da wani daban zai ɗauka.

Bappa ne ya yi wa ɗalibai bayani a zaure, Zakiyya tana tsaye a bayansa. Ya yi magana mai kyau, ya iya. Ya ce shi ma daga binne amininsa yake, duniya haka take. Ya ce makaranta za ta rubuta wa hukuma, amma kada ya yaudare su, mai yiwuwa sai zama na gaba. Wasu suka yi gunaguni, wani saurayi ya buga benci, 'yan mata biyu suka rungume juna suna kuka. Ba wanda ya dubi Zakiyya da mugun ido. Da za su fita ma wasu cewa suke, sannu Injiniya.

Paulina ce ta ƙarshe, don tashi yana yi mata wuya. Ta dafa tebur ta miƙe, ta rataya jakarta, ta tako a hankali har inda Zakiyya take. Ƙafafunta sun kumbura sun cika silifas. Ta kama hannun Zakiyya ta riƙe da hannu biyu.

"Malama, kar ka damu. Tun rana ina ganinka ta taga, ko abinci ba ka ci ba. Ba kai ka ɗauke wuta ba."

Hannun yana da ɗumi. Zakiyya ta ji da mari ne da ya fi mata sauƙi. Ta duba: Bappa ya kai bakin ƙofa yana sallamar baƙo. Ta yi ƙasa da murya, ƙasa sosai, kuma ta san wannan ma abin kunya ne, gaskiyar da ba ta iya faɗa sai a raɗa.

"Paulina, akwai lokaci. Batirin ya ba ni lokacin da zan ajiye amsarku duka. Na zauna ina jiran a ba ni izini. Da na tashi yi kuma, na yi ba daidai ba."

Paulina ta dube ta, irin kallon da ake yi wa sirinji a ga ko ruwan allurar ya ƙare. Sannan ta saki hannun, ba da fushi ba, ta mayar da nata kan cikinta.

"Na amsa duka," ta ce. "Har na koma na duba. Ban taɓa yin jarrabawa mai daɗi kamar na yau ba."

"Ki yi haƙuri."

"Me ya sa ka gaya min?"

Paulina ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Da ka bar ni da wuta, Malama. Wuta ban san fuskarsa ba."

Ta juya ta bi tsakanin bencina, tana dafa su ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ta rusuna wa Bappa kamar yadda aka saba, ya ce Allah ya sauke ki lafiya, ta ce amin. Zakiyya ta bi ta da ido ta taga. Paulina ta tsaya a bakin titi ta ciro waya, ta daɗe tana kallonta kafin ta kara a kunne. Keke ya tsaya mata, ta ɗaga masa hannu ya wuce. Tana magana da mutanen Bogoro, tana share fuska da gefen mayafinta.